Yadda ake sa sauti ya shigo ya fita a hankali a manhajar gyaran bidiyo ta Premiere Pro

Ɗan'uwa, ka ce kiɗan da ka ɗora wa bidiyon bikin ƙanwarka yana faɗowa kunne kwatsam, a ƙarshe kuma sai ya yanke tamkar an ɗauke wuta. Gyaran ba wuya.

Danna bakin sautin, farko ko ƙarshe, sai ka latsa Ctrl+Shift+D. Manhajar za ta ɗora maka Constant Power, wato salon da ke sa sauti ya shigo ko ya fita a hankali, na daƙiƙa 1. Ja gefensa ka tsawaita shi. Ni dai a kiɗa ba na sa ƙasa da daƙiƙa 3 wajen fita, don daƙiƙa 1 ta yi gajarta, mai kallo zai ji an katse masa.

In waƙa biyu za ka haɗa, kada ka ɗauki salon da ake kira Constant Gain. Yana rage ɗaya yana ƙara ɗaya a miƙe, sai ka ji sautin ya lotsa a tsakiya kamar an faɗa rami. Constant Power na riƙe ƙarfin daidai har su gama musanya. A ƙarshen bidiyo kuwa gwada wani salon, Exponential Fade, wutsiyarsa ta fi laushi.

Maganar mutane daban ce. Kada ka sa doguwar shigowa a kan muryar mai jawabi, za ta haɗiye sallamarsa. Firam (ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) 2 ko 3 sun isa su kashe ɗan "ƙas" ɗin nan da ake ji wurin yanka.

Sannan ka saurara da abin sawa a kunne kafin ka fitar da bidiyon, lasifikar kwamfuta tana ɓoye ƙarshen sautin.