Amsar tambayar Matt Rempe: ni ma an taɓa mayar mini da ɗa ɗan dambe

Salamu alaikum 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin fama mini miki. Kin ce yaronki ɗan shekara 15 ya fi kowa tsawo a ƙungiyarsu, ya manna hoton Matt Rempe, ɗan wasan hokin ƙanƙara, a bangon ɗakinsa, kocinsu kuma ya fara ce masa ya riƙa amfani da jikinsa. Kika tambaya shi Rempen ma ya cancanci zama a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, kuwa, ko faɗa ne kawai ya kai shi. Wallahi da haka nawa ya fara.

Ni ba na ƙin Rempe. Ranar 18 ga Fabrairu 2024 da ƙungiyar Rangers ta New York ta fara saka shi, ranar ce mahaifinsa ya cika shekara shida da rasuwa, kuma da na ji haka sai da na yi ƙwalla. Amma me suka sa maraya ya yi? Shigarsa ta farko ke nan kan ƙanƙara, ko faifan da ake bugawa a matsayin ƙwallo bai taɓa ba, ya yar da safar hannu suka dambace da Matt Martin na Islanders. Cikin 'yan kwanaki ya yi da Deslauriers na Philadelphia, washegari ya yi da Olivier na Columbus wanda ya kumbura masa fuska, sannan ga Ryan Reaves a Toronto. Wasa 17 ya buga a kakar, ƙwallo ɗaya ya ci, an ba shi horon minti 71 saboda laifuka, alhali a yawancin wasannin 'yan mintuna kaɗan ake barinsa a fili. Ki duba lissafin nan da kanki ki gaya mini aikin da aka ɗauko shi ya yi.

Babbana yana shekara 17 wata ƙungiyar matasa ta ɗauke shi a wani ƙaramin gari nan Alberta ta Kanada, tafiyar awa huɗu daga gida. Murna kamar me. Kin san wahalar da muke sha, tashin kafin asuba cikin sanyin nan, da kuɗin takalmi da sanda. Yaron da tun yana ƙarami cin ƙwallo ne aikinsa, sai aka ajiye shi a benci wasa bayan wasa. Ashe kocin ya kira shi ofis ya ce masa: "Ba don cin ƙwallo na ɗauko ƙato irinka ba. In kana son rigar nan, ka san abin yi." Bai gaya mana ba. Ya zo hutun ƙarshen mako na yi masa tuwo da miyar kuka, sai na ga yana kai loma da hagu. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, idona ya faɗa kan hannun daman, gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun yi baƙi, fatar duk ta tsattsage. Ya ce ƙofa ce ta datse shi. Na yarda, don na so in yarda. Har yau wannan yardar tana cina.

Daren da abin ya faru ina wurin, cikin Janairu ne. Da idona na ga kocin nan ya zagayo bayan benci ya dafa masa kafaɗa, ko magana bai yi ba. Yaro ya tsallaka katanga ya nufi wani da ya girme shi da shekara uku. Hular kwanonsa ta fita tun a naushi na biyu. Da ya faɗi, ƙeyarsa ce ta fara isa ƙanƙara. Jama'a suka miƙe tsaye ana ihu ana dukan gilashi, wata mata kusa da ni ta ɗaga ƙaramin ɗanta don ya gani da kyau. Ni kuwa innalillahi kawai nake maimaitawa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. A asibiti ya dinga tambayata, "Umma, mun ci?" In ba shi amsa, bayan minti biyu ya sake tambaya kamar bai taɓa yi ba. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ta bugu. Wata uku muka yi da bargo a tagar ɗakinsa saboda haske yana sara masa kai. Waya ba ya iya kallo. Sallah a zaune yake yi, in ya yi sujada jiri ya kwashe shi. Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma yi wa ƙannensa tsawa don cokali ya faɗi.

Shi kuwa kocin ko sau ɗaya bai taka asibiti ba, bai buga waya ba. Bayan sati biyu ƙungiyar ta sallami yaron, aka aiko mana kayansa a baƙar ledar shara. Daga baya na haɗu da shi a wani filin wasa, ya yi mini murmushi ya wuce, bai ma gane ni ba. Baban yara ya ce in bar shi da Allah. Na bar shi, amma ban yafe ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

To kin ga dalilin da ba na iya kallon faɗan Rempe. Kuma ba shi kaɗai ake cuta ba. A Maris 2024 ya sa wa Siegenthaler na Devils gwiwar hannu a ka, aka dakatar da shi wasa huɗu. A Disamba ya maka Heiskanen na Dallas da katanga ta baya, aka ba shi wasa takwas. Su ma 'ya'yan wasu ne, iyayensu mata suna kallo. Rangers ɗin nan kuma ai sun taɓa yin wani ƙaton irinsa, Derek Boogaard. Ya rasu a Mayu 2011 yana shekara 28, giya da maganin kashe zafi suka haɗu masa, da aka bincika ƙwaƙwalwarsa aka tarar da cutar CTE wadda yawan bugun kai ke kawowa.

In ra'ayina kike so, Rempe yana da wuri a NHL in za a bar shi ya buga hoki. Mutum mai tsawon sama da mita biyu in ya tsaya gaban raga, mai tsaron gida ba ya ganin komai, kuma ya ci Washington ƙwallo a wasan farko na zagayen kofi a 2024. Wannan aiki ne na gaske. Amma in dambe ne kaɗai abin da ke riƙe masa riga, to bai cancanta ba, kuma waɗanda ke rera sunansa a Madison Square Garden, filin wasan Rangers, ba su za su yi jinyarsa ba.

Ke dai ki je ki sami kocin nan ido da ido, ki tafi da babansa, ki ce ya fassara miki "amfani da jiki". Kare faifai da kafaɗa daban, naushi daban. Ki riƙa duba hannun yaron. In ya bugu a ka ko sau ɗaya, kada ki yarda da "lafiya ta ƙalau", dukansu haka suke cewa don kada a cire su. Kuma mu da 'ya'yanmu baƙaƙe ne sai mun ƙara sa ido, wasu suna ganin girman jiki da launin fata sai su yanke wa yaro aikinsa. Ki nuna masa Jarome Iginla, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi kyaftin ɗin Calgary, ƙwallo 625 ya ci a NHL. Shi ma yakan yi faɗa in ta kama, amma ba don shi aka san shi ba. Gasar matasa ta Quebec ma tun 2023 duk wanda ya yi faɗa korarsa ake daga wasan, kin ga ba dole ba ne.

Nawa yanzu ya gama makarantar koyon aikin lantarki, alhamdulillahi, sai dai ciwon kan yakan taso masa in ya gaji. Na karanta masa tambayarki da safe, ya yi shiru, can ya ce in yaronki zai yarda yana so su yi magana su biyu. Ki yi mini magana ta ciki in haɗa su.