Tramol ba maganin damuwa ba ne

Ɗan'uwa, ka ce tun da jarinka ya karye a kasuwar Marwa barci ya ƙaurace maka, gabanka na yawan faɗuwa, kana tambaya ko tramol zai taimaka. Wallahi kada ka fara. Maganin ciwon jiki ne mai ƙarfi, yana kama mutum, in aka zarce kima har farfaɗiya yake jawowa. Tunda abin ya haura mako 2, je asibiti ka faɗa wa likita komai yadda ka faɗa mana. Yin haka ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Ƙanena ɗan acaɓa ne a Garwa, da ƙwaya ɗaya ya fara don ya manta bashi, sai da muka sha wuya kafin ya rabu da ita. Abin da ya taimake shi, bayan likita da addu'a: ya daina shan shayi daga la'asar, ya riƙa ajiye waya bayan isha'i, kuma ya samu yayanmu yana amayar masa da abin da ke cinsa. Amma in har tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka, kada ka jira gobe, yau ɗin nan ka samu wani ya raka ka asibiti. Allah ya yaye maka.