Ƙanwata, kafin ku tura baikon nan Indiya ki ji abin da ya same ni

Ƙanwata, sau uku na karanta tambayarki, gabana sai faɗuwa yake. Kin ce wani fasto daga Indiya ya same ku ta Facebook, yana turo hotunan yara, yana roƙon zumuntar matanku ta ɗauki nauyin gidan marayunsa da majami'ar da yake kafawa a ƙauye, kina tambaya ko ku tura kuɗin. Ramin da na faɗa ke nan, don haka ki yi haƙuri da tsawon maganata.

Shekara huɗu na yi a birnin Haidarabad na Indiya ina karatun jinya. Duk Asabar nakan hau bas zuwa wani gidan yara a bayan gari, in wanke ƙuraje, in duba masu zazzaɓi, in kwana mu yi sujada tare. Baba nake kiran faston da ke riƙe da gidan. Da na zo hutu na tsaya gaban iyayenmu mata da hawaye, suka haɗa baiko, har wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta kwance bakin zaninta. Ni na kai kuɗin da hannuna.

Wata Asabar Turawa suka zo ziyara, aka jera yaran cikin tsofaffin kaya. Ina bakin ƙofa sai ga wata siririyar mata da ƙunshin abinci, mai gadi yana korarta. Yarinyar da na fi shaƙuwa da ita ta ɓalle daga layi tana ihu, "Amma! Amma!" A yaren Telugu, amma uwa ce. Yarinyar da na nuna hotonta a cocinmu na ce ba ta da uwa ba ta da uba! Matar fasto ta damƙe hannunta ta ja ta ɗaki. Uwar ta tsugunna a rana har baƙi suka tafi, abincin ya huce a cinyarta. Da dare na tambayi Baba, ko kunya bai ji ba, ya ce in masu bayarwa suka san yaran suna da iyaye, hannunsu zai yi sanyi. Mutumin da ya ɗora hannu a kaina ya yi mini addu'ar jarrabawa ke nan. Daga baya na gane yawancinsu talauci ne ya kawo su, an yi wa iyayen alkawarin makaranta. Har yau in na tuna tsohuwar ƙosan nan barci ƙaurace mini yake.

Ki tambayi faston da ya same ku takardar rajistar gidan, domin dokar Indiya ta kare yara ta 2015 ta tilasta wa kowane gidan yara rajista, kuma kowace gunduma tana da kwamitin kula da walwalar yara. Ki kuma nemi izininsa na karɓar kuɗin waje, wanda suke kira FCRA. Tun 2020 sai ta asusu na musamman a State Bank of India da ke Niyu Delhi kuɗin zai shiga. In ya ce ku zuba a asusunsa na kansa, ku tsaya. Ni ma ban san na taka dokar ba lokacin da na cusa kuɗi a jaka. Babbar ƙungiya irin Compassion ma, mai tallafa wa yara kusan 145,000, dokar kuɗin nan ce ta sa ta tattara ta bar ƙasar a 2017.

Don Allah kada ki ɗauka duka mayaudara ne. Na ga masu bishara a kan tsohon keke cikin unguwannin Dalit, mutanen da ake ƙyamar taɓawa, waɗanda in sun karɓi baftisma suke rasa gurbin karatu da na aiki da gwamnati ta ware wa jinsinsu, bisa wani umarni na 1950. Suna sani, suna shiga ruwan. A Janairun 1999 aka ƙone wani mai bishara ɗan Ostareliya, Graham Staines, da 'ya'yansa biyu cikin mota a jihar Odisha, matarsa Gladys ta yafe, ta ci gaba da hidimar kutare. Ke dai kada ki taɓa sa hoton baftismar kowa a intanet, jihohi irin su Uttar Pradesh suna da dokar da ke ɗaure mutum kan zargin sauya wa wani addini.

Da ni ce yau, kuɗin makaranta zan biya, in saya wa uwa keken ɗinki, yaro ya kwana a ɗakin uwarsa. Ki tambayi faston nan kai tsaye yara nawa ne iyayensu ke raye, kuma yaushe ake barinsu su gan su. Ki lura ko zai amsa ko zai hau wa'azi. Sannan ki turo mini sunan garin ta akwatin saƙo, ina da 'yar ajinmu a can har yanzu, zan roƙe ta ta je ba tare da sanarwa ba.