Bijiman da na haɗa a garke ɗaya sun ƙi cin abinci, me ya sa?

Malam, ka ce ka sayo bijimai uku a Wudil, biyu a Maigatari, ka zuba su wuri ɗaya don kiwon turka, sai faɗa, ga rama. Ba sabon abu ba ne. Shanu suna da babba da ƙarami a tsakaninsu, kowanne ya san matsayinsa. Da zarar baƙi sun haɗu, sai an sake rabon girma da ƙaho: tunkuyi, hawan juna, kora daga komi. Ka tsaya ka duba da safe, za ka ga wani ya raɓe a kusurwa yana kallon dusa, bai isa ya matso ba. Wannan shi ne ya fi ba ni tausayi, domin fargaba da gajiyar mota suna raunana garkuwar jikinsa, ciwon huhu ya samu ƙofa.

Ka raba su yau. A ɗaure kowanne a turkensa ko a sa shinge, suna ganin juna suna shinshinawa ba tare da taɓawa ba, kamar mako 2. Sannan ka haɗa masu girma ɗaya, ka ƙara komin abinci da na ruwa nesa da juna. Wanda ke tari ko majina, a kira likitan dabbobi.

Kuma don Allah kada a gauraya su da baƙi daren yanka. Faɗan yana ƙone sukarin da ke cikin tsoka, naman ya fito baƙi-baƙi, ya yi saurin lalacewa a teburin mahauci.