Tambayoyinku: Me ke korar masu kallo tun a farkon bidiyo?

Tambaya: Malam, ina ɗora bidiyon gyaran waya a YouTube, amma mutane ko rabi ba sa kaiwa. Anya ba manhajar ce ta danne ni ba?

Amsa: Babu wanda ya danne ka, ɗan'uwa, kai ne ke korar su da hannunka. Na kalli wanda ka turo. Tambarinka ya gama juyi da kiɗa, ka gai da masu kallo, ka ba da haƙurin kwana biyu ba a ji ɗuriyarka ba, ka roƙi a danna ƙararrawar sanar da sabon bidiyo, sai can ka tuna cewa maganar wayar da ta ƙi caji ce ta tara mu. Haba! Mutumin da batirinsa ke numfashin ƙarshe ne zai tsaya jin wannan? Tallan YouTube ma sakan 5 kawai ake daure masa, a tsallake.

Shiga YouTube Studio, wato shafin da masu ɗora bidiyo ke kula da tasharsu, sashen ƙididdiga. Akwai zanen da ke nuna inda masu kallo ke watsewa, har da kason waɗanda suka rage bayan sakan 30 na farko. Naka zai nuna gangara tun daga wurin tambarin nan.

Ka buɗe bidiyon da wayar a hannu, caja a jiki, ba ta ɗauka. Ka ce: "Kafin ka sayi sabuwar caja, leƙa ramin nan." Kawo kyamara kusa, a ga tsinke ya zaƙulo curin ƙura. Sallama ɗaya ta wadatar. Roƙon ƙararrawa kuwa bari sai ka amfane su. Wa ke biyan tela kafin ya ga ɗinki? Ni sai na gama ɗaukar komai nake ɗaukar farkon, don a lokacin ne na san abin da zan yi alkawari. Kuma abin da taken bidiyon ya faɗa, a gan shi nan take.

Tambaya: Ina koyar da lissafi a Facebook, muryata na fita tangaran, amma ana wucewa.

Amsa: Malama, da yawa a kashe sautin wayarsu yake. Rubuta tambayar lissafin ɓaro-ɓaro a kan hoton farko. CapCut, manhajar tace bidiyo, zai yi miki.

Tambaya: In sayi sabuwar kyamara?

Amsa: A'a. Goge gilashin ta wayarka, ka fuskanci haske, kuɗin ka sa a makirufo.