Ranar Abu Simbel: amsa ga ɗalibin da ke tunanin zama a masauki

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce sashenku zai kai ku rangadin karatu ƙasar Masar, kuma a jadawalin da aka ba ku akwai ranar da za a tashe ku tun kafin asuba a garin Aswan a tafi Abu Simbel, wurin tsofaffin ɗakunan bauta na zamanin Fir'auna, a dawo, kana son ka san ko abin da za a gani ya kai a sha wannan wahalar, ko kuwa gara ka kawo uzuri ka yi zamanka a masauki. Na yi wannan tafiyar ina ɗalibi, tare da 'yan ajinmu da malamanmu biyu, saboda haka abin da zan faɗa maka abin da na gani ne da idona, har da wuraren da na yi kuskure.

Ka je, kada ka zauna. Sai dai ka sani cewa gajiyar wannan rana ba a ranar take farawa ba. Mu daga Alƙahira muka shiga jirgin ƙasa na dare, tafiyar da ta kusa kilomita 900, kuma mun haura awa goma sha biyu a zaune kafin mu sauka a Aswan. Da yammacin ranar aka kai mu ganin babbar madatsar ruwa, da dare kuma, maimakon in kwanta, sai na bi abokaina kasuwa, inda na ga an tara jan ganye a kwanduna ana kiransa karkade, na duba na ga ashe zoɓonmu ne. Ciniki ya ja mu har kusan sha biyun dare, ƙarfe uku kuma aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi na fi so ka guje wa. Kasuwar tana nan ba inda za ta je, kana iya shiga bayan kun dawo, amma barcin wannan dare idan ya wuce ka ba ka da inda za ka rama shi.

Wajen ƙarfe huɗu motarmu ta tashi. Daga Aswan zuwa Abu Simbel kimanin kilomita 280 ne, hanya miƙaƙƙiya cikin hamada, ana yin awa uku zuwa huɗu. Ka yi alwala kafin ka fito daga ɗaki, domin asuba a hanya ta same mu, sai da muka roƙi direba ya tsaya a wani wurin shan shayi muka yi salla a kan rairayi, kuma waɗanda ba su riƙe alwala ba sun sha fama da layin famfo guda ɗaya. Ka sa fasfo ɗinka a aljihun da hannunka zai kai nan take, saboda akwai shingayen jami'an tsaro, kuma wurin yana kusa da iyakar Sudan. Idan lokacin hunturu ne ka ɗauki rigar sanyi. Mutum yakan ji an ce hamada ya ɗauka zafi ne kawai, alhali sanyin asubarta yana ratsa ƙashi kamar na tsakiyar hunturu a gida.

Kuskurena na biyu shi ne na ƙi shan ruwa don gudun kada fitsari ya matsa mini a hanyar da babu wurin tsayawa. Da hantsi ban ji komai ba, amma a hanyar dawowa kaina ya riƙa sara kamar zai rabe biyu, har na kasa rubuta ko layi ɗaya a littafina. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga farkon tafiya, akwai banɗaki a bakin shiga wurin.

Abin da ya kamata ka sa a ranka shi ne, za ku yi kusan awa bakwai a mota domin ku samu kamar awa biyu a wurin. Wanda ya je bai san abin da zai duba ba, hotuna kawai zai ɗauka ya dawo yana cewa an wahalar da shi, kuma na ji masu faɗin haka a cikinmu. Don haka ga abin da nake so ka riƙe kafin ka isa.

Wurin ɗakunan bauta ne guda biyu da Fir'auna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa a cikin dutse, a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta bayan tudun ake shigowa, ba ka ganin komai sai tarin duwatsu da ruwan tafki, sai ka sha kwana kawai ka tarar da gumaka huɗu a zaune, kowanne tsayinsa ya kai mita 20, dukkansu siffar mutum ɗaya. Na biyu daga hagu ya karye tun zamanin da, kansa da ƙirjinsa suna yashe a ƙasa a gaban ƙafafunsa. Na tsaya kusa da wannan kan, na ga kunnensa kaɗai ya fi faɗin ƙirjina, kuma a nan ne surutun 'yan ajinmu ya ɗauke gaba ɗaya. A ciki akwai zane-zanen yaƙin Kadesh, wanda Ramsis ya gwabza da Hittiyawa, a jikin bango, sarkin yana kan karusarsa yana harbin kibiya. A can ƙurya kuma akwai wani ƙaramin ɗaki mai gumaka huɗu, wanda aka daidaita shi ta yadda sau biyu a shekara, wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken fitowar rana yake ratsa dogon zauren ya sauka a kan uku daga cikinsu, ya bar na Ptah, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Misirawan da, a cikin duhu. Ƙaramin ɗakin bautar da ke gefe na matarsa ne, Nafartari. Wasu za su ce maka Ramsis ɗin nan shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS), amma masana sun yi saɓani a kan haka, kada ka rubuta shi a rahotonka a matsayin abin da ya tabbata.

Abin da ya fi kama hankalina kuwa ba aikin Fir'auna ba ne, aikin da aka yi jiya-jiyan nan ne. Wurin da za ka tsaya ba nan ne asalin mazaunin ginin ba. Da aka fara gina madatsar Aswan a 1960, ya bayyana cewa ruwan da zai taru, wanda ya zama Tafkin Nasser, zai haɗiye wurin. Sai UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi kira ga ƙasashen duniya, kuma tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa, fiye da guda dubu, wasu nauyinsu ya kai tan 30, aka ɗaga su aka sake harhaɗawa a wani wuri da ya fi na da tudu da mita 65, kimanin mita 200 daga tsohon bakin kogi. Tudun da ke bayan gumakan ma ginanne ne, akwai ƙubbar kankare a cikinsa. Idan ka matsa kusa ka ƙura ido a jikin dutsen za ka ga siraran layukan da zarto ya bi. Gunkin da ya karye kuwa ba su gyara shi ba, sun ajiye ɓaraguzansa a gabansa kamar yadda suka same su.

Bayan ka gama da gumakan, ka juya ka fuskanci ruwan. An ceto duwatsu, amma garuruwan mutanen Nuba, al'ummar da ke zaune a bakin Nilu a kudancin Masar da arewacin Sudan, suna ƙarƙashin wannan tafkin. Dubun-dubatar mutane aka tasa daga gidajensu, na ɓangaren Masar aka kai mafi yawansu yankin Kom Ombo, na Wadi Halfa a Sudan kuma aka kwashe su zuwa can gabas, inda ake kira Sabuwar Halfa. Direbanmu ɗan Nuba ne, kuma da na same shi yana shan shayi a gefen mota na tambaye shi, sai ya nuna mini ruwan da haɓarsa ya ce dabinon kakansa da kabarinsa suna ciki. Bai ƙara komai ba, ni ma ban sake tambaya ba. A ganina duk ɗalibin da ya rubuta rahoto kan Abu Simbel ya yabi gwanintar injiniyoyi bai ambaci waɗannan mutane ba, rabin labari ya kawo.

Dawowa ta fi zuwa wahala, domin rana ta take, ɗoki ya ƙare, kusan kowa ya yi barci. Idan ka iya buɗe ido za ka ga ƙawalwalniya tana sheƙi a nesa kamar kogi, har da inuwar tuddai a cikinta. Bayan azahar muka shigo Aswan, muka yi sallarmu ƙasaru, tunda zamanmu a garin bai kai kwana huɗu ba.

Ka tafi da katin shaidarka na ɗalibi, domin ana yi wa ɗalibai rangwamen kuɗin shiga, ka kuma tanadi dabino da burodi da ƙananan kuɗin Masar tun da dare. Idan kuma kana da ta cewa wajen malaminku, ka roƙe shi tun yanzu ya bar kwana guda cur tsakanin saukarku daga jirgin ƙasa da wannan tafiyar. Mu ba a bar mana ba, kuma mutum biyu a cikinmu a cikin mota suka yi zamansu, ba su ko taka zuwa gaban gumakan ba.