Ajiye magagarin nan tukuna

Ka ce in mutum ya kawo bindiga yana kukan harsashi na sauka ƙasa da inda ya auna, wane saiti za ka taɓa, na gaba ko na baya? Ajiye magagarin nan tukuna, yaro, tun ɗazu nake ganin hannunka a kansa.

Tsagar baya tana bin inda kake so harsashi ya koma: kana so ya hau, ɗaga ta, kana so ya yi dama, tura ta dama. Tsinin gaba kuwa akasin haka yake. Wannan ko ɗan koyon sati guda ya sani. Abin da ba ka sani ba shi ne hali irin na masu bindiga.

Wata shekara, da sanyi, wani ɗan kasuwa nan Tahoua ya kawo mini ƴar 22 ɗinsa, ƙaramar bindigar nan mai ƙaramin harsashi, ya ce ya je wajen Tabalak neman zabin daji, duk harbin da ya yi a ƙasa ya ƙare. Babbar riga, turare, yana ta rantsuwa. Lokacin ina ji da kaina, na ce aikin minti 10 ne. Saitin bayanta a maƙale yake ba ya motsi, sai na goge tsinin gaba da magagari don ta ɗaga. Ko harbi ɗaya ban gwada ba. Ashe bindigar lafiyarta ƙalau, shi ne matsoraci: kafin ta tashi ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindigar ya sunkuya. Da ya ba ɗan'uwansa da ya iya harbi, sai ga ta tana wuce sama da taki guda. Ƙarfen da ka goge kuma ba ya dawowa. Ya zo bakin rumfata ya tara mini jama'a wai na kashe masa bindiga. Jika 15 na zuba, sai da na aika har Yamai aka samo tsini, kuɗin aikina kuma har yau bai biya ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, shi ke fara miƙo hannu.

Tun ranar ba na gyara da baki. Buhun rairayi, takarda a metir 25, tudun ƙasa a bayanta don ya tare harsashi. Katakon bindigar za ka ɗora a buhu, ban da ƙarfen. Idonka kan tsinin gaba, ka bar takardar ta yi dishi-dishi. Saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali har tashinta ya zo maka ba zato. Harbi 3. In ramukan sun taru, daga tsakiyarsu za ka auna gyara, ka gusar da saitin da ɗan ƙarfen tagulla da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan. In sun watse kamar kashin akuya, hannu ne ba shi da lafiya.

Ku yaran yanzu harbi ɗaya kuke yi ku ruga da sukurdireba, ɗaya hannun na kan salula. Tashi ka cika buhun can, gobe da asuba kafin iska ta taso za mu fita, kai za ka harba ina kallon idonka.